Shekarar da Na Bi Ɗiyata Jami'a

Lahadi, 20 ga Oktoba, 1974

Zeinabou ta tafi yau da hantsi. Kamiyon albasar Yari direba ya ɗauke ta zuwa Paraku, daga can jirgin ƙasa har Kutunu. Za ta karanta shari'a a jami'a. Ban san wata ɗiyar Malanbil da ta riga ta ba, kuma ɗiyata ce, ni Seydou, mushe, wato malamin aji shida a lakwal, makarantar boko ta bakin kasuwa.

Na shirya mata jawabin bankwana, shafi biyu, da Faransanci. Ina tsakiyar sakin layi na farko Yari ya tada mota. Uwarta Kaka ta tura mata ƙullin busasshen kifi ta taga, ta ce ta riƙa cin abinci, shi ke nan. Maganar kifin ce ta sa yarinyar kuka. Ni hannu ta ɗaga mini.

Da Hausa nake rubuta littafin nan don kada sufeton makarantu ya karanta in ya buɗe akwatin teburina. Mutumin kudu ne, "sannu" kaɗai ya iya.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Ba lakwal yau. Na zauna na rasa abin yi.

Shekara huɗu ke nan da rediyo ta ce ƙasarmu ta buɗe jami'ar kanta. Ina tuna ranar. Ina aski ne, na ce wa wanzami ya dakata, na saurara da rabin kai a aske. A zamaninmu sai dai Dakar, kuma ni an ce ina cikin waɗanda za su iya zuwa. Baba ya yi rashin lafiya, na karɓi aji a Kandi, shekara ashirin da bakwai ke nan ina koya wa yara jam'in kalmar doki da Faransanci.

Ba hassada nake ba. Wa ke hassadar ɗiyarsa.

Talata, 5 ga Nuwamba

Wasiƙar farko. Kuskure huɗu, na gyara da jan biro zan mayar mata.

Ta ce jami'ar ba cikin Kutunu take ba, tana Kalabi, bayan gari, cikin itatuwan kwakwar manja da jar ƙasa. Rabin gine-ginen ba a gama ba. Malami yana magana, mai haɗa siminti yana amsa masa ta taga. An ce da aka buɗe ɗalibai 'yan ɗari kaɗan ne, yanzu sun doshi dubu biyu, kowa da sassafe yake aza littafi ko takalmi a kujera don kama wuri.

A ƙarshe ta ce akwai wani aji na shari'a da ake kira kapasite, na ma'aikata ne waɗanda ba su da bak, takardar gama sakandare, akawuna da jandarmomi da 'yan duwan masu binciken kaya a iyaka. Wai har masu furfura. Don ta ba ni dariya ta rubuta.

Ban yi dariya ba.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na je wurin mai hoto. Na ce wa Kaka na katin shaida ne.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Amsa ta zo. Layin farko: "Baba, da gaske kake?" Layi na biyu ta ce ta kai takarduna, an karɓa. Ba sai na zauna a aji ba, jarrabawa kaɗai zan je a watan Yuni. Wani akawun kotu da ke ajin zai riƙa ba ta takardun darasi, ita kuma ta ba Yari in ya raka albasarsa har Kutunu.

Ta sa katin ɗalibi a cikin ambulan. Jami'ar Dahome, sunana, hotona. Kunnuwana sun fito da yawa amma ba laifi. Na sa shi a aljihun gaba, ina ta taɓawa har wani yaro a aji ya tambaya ko ƙirjina ke ciwo.

Ba wanda zai sani sai na ci.

Lahadi, 1 ga Disamba

Jiya rediyo ta ce ƙasa ta ɗauki sabuwar hanya, ta juyin juya hali. Yau mai sayar da nama ya kira ni kamarad, ya kuma rage mini tsoka ɗaya.

Abin da ya dame ni babi na uku ne, na tsarin mulki. Kwana takwas ina haddace shi bayan sallar asuba.

Litinin, 9 ga Disamba

Zeinabou ta ce malaminsu ya ce a ajiye babi na uku tukuna.

Juma'a, 13 ga Disamba

Yari ya tona ni. Ba karatu ya iya ba, amma ya ba wani ɗan duwan takardun a bakin gada don ya ga ba kayan sumoga ba ne, shi kuwa ya karanta sunana da ƙarfi. Kafin la'asar duk tasha ta ji Mushe Seydou zai zama aboka, wato lauya. Kafin magariba an ce na riga na zama.

Na shiga kasuwa, ranar Juma'a kuwa, mutanen Gaya da na Kamba duk sun cika ta. Ko'ina "Aboka, sannu da zuwa." Na yi niyyar in gyara musu, in ce ɗalibin shekarar farko ne. Na buɗe baki sau biyu. Sunan ya yi mini daɗi a kunne, gaskiya ke nan, tunda ba mai karanta wannan.

Kaka ta ji a wurin mai daddawa. Da na dawo ta dube ni ta ce, "To, katin shaida ya yi kyau?"

Alhamis, 26 ga Disamba

Hutun layya. Mutum uku sun zo da ƙara tun jiya. Mai akuyar da ta ci gero, mai katangar da ta karkata, da wata tsohuwa da ke son a hana maƙwabcinta tari. Na ba kowa shawara. Tsohuwar ta kawo mini ƙwai biyar na zabi.

Takardun darasin warin albasa suke, har hawaye suke sa ni. Kaka ta ce ba ta taɓa ganin ilimi mai sa kuka haka ba.

Alhamis, 9 ga Janairu, 1975

Yau babbar shari'a ta zo.

Arziki maƙwabcinmu yana da gonar albasa a Garou, bakin kogi. Da damina ruwa ya yanke wani yanki na gonar, ya tura shi ƙetaren wani ɗan rafi, ya manna shi da gonar wani. Wancan ya shuka albasa a kai, ta yi kyau. Arziki ya ce shi dama ya haƙura, ƙasar Allah ce, amma tunda an samu aboka a unguwa bari ya tambaya.

Shekaranjiya na karanta wannan daidai! Kundin dokar da muka gada wurin Faransawa ya yi maganar kogin da ya kwashe yankin gona ya kai gaba, ya ce mai ita yana iya bin abinsa kafin shekara ta cika. Na ce masa kada ya haƙura, doka tana bayansa, ni ma ina bayansa.

Sai da ya tashi tafiya na tambayi sunan mutumin. Ya ce Jibirin.

Yayan Kaka ke nan, uwa ɗaya uba ɗaya.

Juma'a, 10 ga Janairu

Na gaya wa Kaka doka ba ta san suruki ba. Ta ce ita ta san shi, shi ya goye ta.

Lahadi, 12 ga Janairu

Miya ba albasa kwana biyu. Na tambaya. Ta ce albasa ta shiga shari'a, ba a taɓa ta sai an yanke hukunci.

Talata, 21 ga Janairu

Na rubuta wa Zeinabou labarin don ta ga ubanta ba wasa yake ba. Ga abin da ta maido:

"Baba, don Allah ka janye. Wannan dokar ta filayen da ke da takarda ce. Gonakin Garou ba su da takarda, al'ada ce ke hukunci a kansu, kuma maigari ya fi mu saninta. Yana cikin babi na biyu, wanda ka ce ka tsallake don ya yi sauƙi. Ka gaida Kawu Jibirin."

Wata uku a jami'a har ta fara koya wa ubanta. Na sami kuskure ɗaya a wasiƙar, waƙafi ne. Na ja masa layi biyu.

Maigarin Garou ya sa ranar Alhamis, shida ga watan gobe. Ya ce kada kowa ya taɓa albasar kafin nan. Jibirin ya aiko cewa ta kusa isa cira kuma ruwa yana tasowa. Dabarar ɓata shari'a ce, na gane ta.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Zan rubuta yadda aka yi, don kada nan gaba in gyara wa kaina labarin.

Na sa kwat ɗin da na yi aure da shi, na hau keke zuwa Garou. Ban san ya matse haka ba. Na isa a jiƙe. An taru gindin tsamiya, maigari a kan kujerarsa, Jibirin a dama, Arziki a hagu, sai masunta da mata da duk wanda ba shi da aiki.

Na karanta hujjata da Faransanci, kusan minti arba'in. Ba wanda ya katse ni, na ɗauka ƙarfin magana ne. Da na ɗaga kai na ga maigari yana gyaran carbinsa da ya tsinke, Arziki da nake karewa yana gyangyaɗi. Sai na fassara da Dendi, harshen mutanen Garou. Kalmomin shari'a ba su da Dendi, ko kuwa ni ban san su ba, na ji kaina ina cewa kogi ɓarawo ne amma ba da gangan ba.

Maigari ya ce magana ta yi kyau ƙwarai, amma shi bai iya hukunci a kan abin da bai gani ba, a tashi a je.

Muka je. Ruwan da ke saukowa daga Mali a wannan lokaci ya cika kogi kwanakin nan. Muka tsaya bakin rafin. Jibirin ya duba gabas, ya duba yamma. Gonar babu. Abin da ya rage bai fi tabarmar sallah ba, da albasa kamar goma sha biyu a tsaye a kai, muna kallo gefe ɗaya ya ɓare ya faɗa ruwa.

Can maigari ya juyo ya ce, "Aboka, takardarka mi ta ce in kogi ya dawo ya karɓi abinsa?"

Na ce ban kai wannan shafin ba.

Arziki ne ya fara dariya, har ya zauna a ƙasa. Sai kowa. Maigari ya sa aka ciro albasar da ta rage, ya raba biyu, ya ba Arziki shida ya ba Jibirin shida, ya ce shari'a ta ƙare. Su biyun suka tafi tare suna hira.

Jibirin kaɗai bai yi dariya ba. Da zan hau keke ya dawo ya matso ya ce, a hankali, "Seydou, da ba don takardarka ba, da na cire ta tun makon jiya. Aikin wata huɗu ne."

Na hau keke na dawo gida.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Kaka ta tafi Garou. Ta ce za ta taya matar yayanta aiki. Ba ta ce yaushe za ta dawo ba.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Na dafa shinkafa. Ƙasa ta ƙone, sama ba ta nuna ba. Ban san abu ɗaya yana iya yin duka biyu ba.

A kasuwa har yanzu Aboka suke ce mini, amma muryar ta sake. Wani ya tambaye ni ko zan kai kogi ƙara.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Na je Garou, ba kwat. Jibirin yana gyaran taru. Na yi sallama, ya amsa, ya nuna mini tabarma ya ce in zauna, wannan ba ta cikin shari'a. Na shirya magana mai tsawo a hanya. Da na zauna sai na ce, "Yaya, na yi wauta." Ya ce ya sani. Ya miƙo mini bakin tarun, na riƙe masa har azahar.

Kaka ta biyo ni da yamma, a bayan keke. A hanya ta ce ba don ni ta dawo ba, kajinta ta tuna.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Zafi. Karatu. Na karanta babi na biyu. Ba shi da sauƙi.

Lahadi, 15 ga Yuni, Kalabi

Kwana biyu a hanya. Na sauka gidan wani ɗan Gaya mai sayar da goro a zangon Kutunu, yau Zeinabou ta zo ta kai ni in ga jami'a.

Duk da wasiƙunta, na zaci gini ɗaya ne babba mai agogo. Ashe gari ne ake haifa. Ta nuna mini ɗakin kwanan ɗalibai ta ce bara gonar rogo ce. Ta nuna wani fili ta ce nan za a yi wa masu karatun noma, can masu kimiyya, waɗanda da a Porto-Novo suke. Ɗakin lacca kamar rabin ƙwarya, kujeru hawa-hawa, ya ci ajina goma. Na tsaya a gaban allon, ba kowa, na yi gyaran murya, muryar ta dawo mini. Ɗakin littattafai kuwa ban shiga da nisa ba. Na tsaya a bakin ƙofa na cire hula, ban san dalili ba.

Duk inda muka bi samari suna ce mini "Dwayan", suna ba ni hanya. A Faransanci wannan shi ne shugaban tsangaya. Na riƙa amsawa da kai, hannu a baya. Na ce wa Zeinabou ga shi sun ɗauke ni babban malami. Ta ce haka suke kiran ɗalibin da ya tsufa bai gama ba.

Litinin, 16 ga Yuni

Na iske ta gindin wani mangwaro da abokan karatunta, su kamar goma, maza sun fi yawa, suna bitar jarrabawa. Na tsaya nesa don kada in kunyata ta. Wani mai gemu ɗan Abome ya kawo hujja, ta bar shi ya gama, ta warware masa ita ɗaya bayan ɗaya, ba ta ɗaga murya ba. "Malanbil" suke kiranta. In gardama ta yi tsanani sai a ce a tambayi Malanbil.

Ta hango ni. Na yi kamar ina duba wata tururuwa. Ta taso ta kamo hannuna ta kai ni tsakiyarsu, ta ce, "Babana ne. Shi ya koya mini karatu. Gobe yana da jarrabawa, ku yi masa addu'a."

Suka tashi tsaye dukansu. Na ce su zauna, da muryar aji.

Talata, 17 ga Yuni

Jarrabawa. Na zauna tsakanin wani jandarma da wata ma'aikaciyar gidan waya. Tambaya: dangantakar rubutacciyar doka da al'ada.

Wa ya fi ni sanin wannan a ɗakin? Na rubuta musu shari'ar Garou daga farko har ƙarshe, da maigari da carbinsa da albasa goma sha biyu. Shafi tara. Jandarman shafi biyu ya yi, ya fita. Na tausaya masa.

Asabar, 12 ga Yuli, Malanbil

Zeinabou ta dawo hutu. Ta ci, ita ce ta uku a ajinsu. Kaka ta yi guɗa har maƙwabta suka shigo.

Bayan an watse ta same ni a zaure. Ni shida na samu bisa ashirin, goma ake nema. Ta roƙi mai gyaran ya nuna mata takardar, wani matashi ne da bai daɗe da dawowa daga Faransa ba. Ya rubuta a gefe: "Labari mai daɗi. Ina amsar?" Ta ce ya karanta wa sauran malamai, sun ji daɗinsa ƙwarai.

Jandarman ya sami sha uku.

Akwai zama na biyu a Oktoba ga waɗanda suka faɗi. Na ce zan yi tunani. Na gaya wa Yari sakamakon 'yan kapasite bai fito ba tukuna.

Litinin, 28 ga Yuli

Ita ta kawo maganar. Ta ce lakwal ba kowa, akwai allo, in ina so ta koya mini.

Muka je da safe ta bayan kasuwa. Na nufi teburina, ta riga ni. Na zauna a bencin yara, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata. A jikin bencin wani ya sassaƙa hoton mutum mai manyan kunnuwa. Zan bincika in an koma.

Ta ce a shari'a kowace amsa kashi biyu ake yi mata, kowane kashi a raba shi biyu. Na ce in maganar kashi uku ce fa? Ta ce a matse. Na ce in ɗaya ce? Ta ce a tsaga.

Alhamis, 7 ga Agusta

Ta maido mini aikina. Da jan birona ta gyara, wanda ke cikin akwatin tebur. Shafin kamar an yanka kaza a kai. A ƙasa ta rubuta bakwai.

Na ce mata wannan Faransancin da take ja wa layi, da shi na ciyar da ita. Ta ce Faransancin ba shi da laifi, amsar ce babu. Na ce ni na haife ta. Ta ajiye alli ta ce, "Baba, a gida duk abin da ka ce shi ne. A nan kuwa in na ce maka ya yi, ƙarya na yi maka, kuma za ka sake shan kwana biyu a hanya don shida."

Na fita na bar ta. Na manta takalmina ɗaya ƙarƙashin benci, ban koma ba.

A gida Kaka ta dubi ƙafata. Can tana tankaɗe ta ce, ba ni take kallo ba, "'Yar taka da ta kawo bakwai tana aji huɗu, kwana biyu ka hana ta fita wasa."

Juma'a, 8 ga Agusta

Na koma. Takalmin yana kan teburi, an goge shi. Na sa shi, na koma bencina.

Laraba, 27 ga Agusta

Tara. Jiya na ɗaga hannu kafin in yi tambaya, ban lura ba sai da ta juya allo tana dariya.

Da rana na ce wa Kaka ƙishirwata kashi biyu ce, na farko ruwa, na biyu fura. Ta ce yarinyar nan ta ƙarasa ni.

Litinin, 15 ga Satumba

Azumi. Sha ɗaya. Na ce ta sake dubawa ko ta yi mini alfarma. Ta sake dubawa ta mai da shi goma da rabi.

Laraba, 8 ga Oktoba

Dole na nemi izinin sati ɗaya wurin sufeto, don an koma lakwal. Na gaya masa gaskiya, ina jiran ya yi mini ba'a. Ya tashi ya rufe ƙofa, ya ce shi ma ya zauna kapasite sau biyu, sau biyu ya faɗi, matarsa ba ta sani ba. Ya tambaya ko ɗiyata tana karɓar ɗalibai ta wasiƙa.

Talata, 14 ga Oktoba, Kalabi

An yi. Shafi uku, kashi biyu. Ban ambaci albasa ba ko sau ɗaya, ko da yake akwai inda ta dace.

Inda muka tsaya a watan Yuni muna kallon ciyawa, yanzu gini ne har an kai taga. Sabbin ɗalibai sun cika ko'ina da akwatunansu, wasu da iyayensu. Wani tsoho ya tambaye ni inda ake rajista, na raka shi. Ya ce ɗa na kawo ko ɗiya? Na ce ɗiya ce ta kawo ni. Ya ɗauka bai ji daidai ba.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Goma da kwata. Na wuce zuwa shekara ta biyu.

Zeinabou ta ja layi ƙarƙashin kwatan.

Litinin, 1 ga Disamba

An sake wa ƙasa suna, yanzu Benin muke. Jami'a ma an ce za ta bi. Na shiga Jami'ar Dahome, ban san wadda zan fita ba. Yara a aji sun tambaya ko kogin ma za a sake masa.

Alhamis, 11 ga Disamba

Da hantsi wasu mutum biyu suka yi sallama daga Madécali, wani Bafulatani mai suna Bobbo da wani manomi. Shanu sun bi ta gonar dawa, amma manomin ya yi shuka ne a kan tsohon burtali. An ce musu akwai aboka a Malanbil.

Na ba su ruwa. Na saurare su har suka gama, ban katse ba. Na san akwai abin da ya yi kama da wannan a takardun da Yari ya kawo makon jiya, har shafin ina gani a idona. Na ce musu ban sani ba. Na ce ni mushen lakwal ne, ɗalibi kuma, su je wurin maigarinsu da ardo, su suka san inda burtalin ya bi tun kafin a haife mu.

Suka yi godiya suka tafi. Ko mamaki ba su yi ba, abin da ya ɗan ɓata mini rai ke nan. Kaka tana bayan zana, na ji ta daina daka, sannan ta ci gaba. Da rana ta sa mini kan kifin, ba ta ce don mi ba.

Na rubuta maganar tasu a takarda, kashi biyu, da abin da nake gani ita ce amsa. Yari zai tashi jibi, zai kai wa Zeinabou. Ba wai ina bukata ba. So nake in ga ko suna koya mata da kyau.